Ɓata Ya Fi Mutuwa Ciwo: Labarin Cigiya Da Dokokinta A Amurka

Jama'a, kowa ya san abin da Hausawa su ke faɗi, wai ɓata ya fi mutuwa ciwo. Wanda ya mutu an yi masa wanka da sutura, an kai shi makwancinsa, an yi zaman makoki, sa'an nan a hankali zuciya ta dangana. Amma wanda ya ɓace ba a yi masa ko ɗaya daga cikin waɗannan. Uwarsa ba ta da kabarin da za ta yi wa addu'a, ba ta kuwa da ɗan da za ta kira ya amsa. Kowane bugun ƙofa sai gabanta ya faɗi. A wannan fitowa mun ga ya kamata mu ba ku labarin wata budurwa da ta ɓace a garin nan namu na Greensboro, da labarin dokokin da aka yi ta kafawa a ƙasar nan saboda irin wannan masifa, domin kowane maigida da kowace uwargida su san haƙƙinsu tun rana ba ta ɓaci ba.

TA CE BA ZA TA WUCE SA'A GUDA BA

Ran Alhamis 7 ga watan Janairu na 2016, wajen ƙarfe takwas da rabi na dare, wata budurwa mai suna Tyarra Williams, 'yar shekara 19, ta fita daga gidansu a wata unguwa ta kudancin Greensboro, mil kaɗan daga Glenwood. Ta gaya wa mutanen gida za ta je wurin wata ƙawarta, ba za ta wuce sa'a guda ba. Baƙar fata ce kamarmu, tana kuwa cikin shirin fara karatu a kwalejin GTCC. Tun daga wannan dare ba a sāke ganinta ba, ba a kuma ji ɗuriyarta ba.

'Yan sandan gari sun yi bincike, dangi da maƙwabta sun manna hotonta ko'ina, har an yi shiri game da ita a talabijin wanda aka nuna a ƙasa duka. Duk da haka shiru ka ke ji. Ku duba fa, ba daji ta shiga ba, ba kogi ta ƙetare ba. A tsakiyar gari ne, inda a ke da fitilu da motoci da waya a hannun kowa. In haka ta faru ga 'yar ƙasa wadda aka haifa nan, ta san harshe, ta san hanyoyi, to, ina ga baƙon da ya sauka bara?

Ba ita kaɗai ba ce a jihar Karolina ta Arewa. Ran 14 ga Fabrairu na 2000 wata yarinya 'yar shekara 9, Asha Degree, ta ɓace daga garin Shelby da tsakar dare. A 2001 aka tsinci jakar makarantarta a wata gunduma dabam, a 2024 kuma hukuma ta sāke binciken waɗansu gidaje saboda ita, amma har yanzu ba a same ta ba.

CIGIYA A GIDA DA CIGIYA A NAN

A zangunanmu na Kumasi da Nima da Lome, da garuruwanmu na Kano da Maraɗi, kowa ya san yadda a ke cigiya. Yaro ya ɓace, sai a gaya wa mai unguwa ko Sarkin Zango, a yi shela a masallaci bayan salla, mai shela ya zaga kasuwa, a aika tasha a gaya wa 'yan kamasho. Wanda ya tsinci yaro kuwa ya san inda zai kai shi. Kafin magariba sau da yawa an gama magana, domin kowa ya san ɗan kowa.

A nan Amurka ba mai unguwa. Maƙwabcinka na jikin bango ya kan shekara bai san sunanka ba. Mutum kuwa cikin sa'a biyu ya kan bar jiha a mota. Saboda haka cigiyar ƙasar nan ba ta tafiya da baki, da takarda ta ke tafiya da na'ura, kuma doka ce ke faɗin wanda za a yi wa cigiya, da lokacin da za a fara, da wanda alhakin ya ke wuyansa. Kowace shekara a kan kai rahoton ɓatan mutane fiye da 500,000 a ƙasar nan. Galibinsu a kan same su cikin 'yan kwanaki, amma dubbai su kan rage ba labari. Abin da za ku lura da shi cikin dokokin da za mu ambata shi ne, kusan kowace ɗaya sunan wani ɗa ko wata 'ya gare ta. Watau ba Gwamnati ce ta farka da safe ta ga dama ba. Iyaye ne da abin ya shafa su ka dāge har aka saurare su.

DOKOKIN YARA

Dā can ko yaro ne ya ɓace 'yan sanda su kan ce a jira, wataƙila ya dawo da kansa. Ɓatan Etan Patz, ɗan shekara 6, a New York cikin 1979, da sace Adam Walsh a Florida cikin 1981, su su ka tā da hankalin ƙasa. A 1982 Majalisar Tarayya ta yi dokar farko a kan yaran da su ka ɓace, a 1984 aka buɗe babbar cibiyar neman yara ta ƙasa. A 1990 aka yi dokar da ta hana 'yan sanda su ce a jira wani lokaci kafin su karɓi rahoton ɓatan yaro. A 2006 aka ƙara ɗaure ta, aka ce cikin sa'a 2 da karɓar rahoto tilas a shigar da sunan yaron cikin babban kundin 'yan sandan ƙasa da ke hannun FBI, wanda a ke kira NCIC. Da an shigar, ɗan sanda a kowace jiha yana iya gani.

Wannan ƙara mai firgitarwa da wayoyinku su kan yi wani lokaci da dare, ita ce shelar AMBER. Sunan wata yarinya ce 'yar shekara 9, Amber Hagerman, wadda aka sace a garin Arlington na Texas cikin Janairu na 1996, aka tsinci gawarta bayan kwana huɗu. A jiharmu ba a yin wannan shela sai ga wanda bai wuce shekara 17 ba, kuma sai hukuma na zaton sace shi aka yi, yana cikin haɗari. Ku riƙe wannan, za mu komo kansa.

MAKO UKU KACAL

To, ina labarin wanda ya cika shekara 18? Nan ne jiharmu ta shiga tarihin wannan al'amari. Kristen Modafferi 'yar garin Charlotte ce, ta gama shekararta ta farko a jami'ar jiha da ke Raleigh, ta tafi San Francisco don ta yi hutun bazara tana aiki tana koyon ɗaukar hoto. Ran 23 ga Yuni na 1997 ta tashi daga aiki a wani shagon sayar da gahawa, ba a sāke ganinta ba har yau. Da iyayenta su ka nemi taimakon cibiyar neman yara sai aka ce ba hali, domin ta cika 18 mako uku da su ka wuce. Mako uku kacal su ka raba ta da taimakon ƙasa.

Iyayen ba su naɗe hannu ba. Wakiliyar Charlotte a Majalisar Tarayya, Sue Myrick, ta kai ƙudiri, a 2000 Shugaba Bill Clinton ya sa hannu, aka kira ta Dokar Kristen. Ta ba da iznin kashe dala miliyan ɗaya kowace shekara don cibiyar neman manya. Amma ga inda gizo ke saƙa: iznin kuɗin na shekara huɗu ne, da wa'adin ya cika ba a sabunta shi ba, cibiyar kuwa ta durƙushe. Darasin da ke ciki a fili ya ke. Doka ba kuɗi kamar rijiya ce ba guga.

A 2003 aka yi Dokar Suzanne, da sunan Suzanne Lyall, ɗaliba 'yar shekara 19 wadda ta ɓace a Albany ta jihar New York ran 2 ga Maris na 1998. Wannan doka ta ce duk wanda bai kai shekara 21 ba, tilas 'yan sanda su shigar da shi kundin ƙasa ba jira, kamar yaro. Ashe ke nan sa'ad da Tyarra Williams ta ɓace doka ta tanadar mata shiga kundi, amma shelar AMBER ba ta hau kanta ba, domin ta haura 17. Ta yi girma ga shelar yara, ba ta kuwa cikin waɗanda a ke yi wa shelar masu rikicewar tunani.

Wannan giɓi shi ne aka yi ƙoƙarin toshewa bayan abin da ya sami Ashanti Billie, ita ma baƙar fata 'yar shekara 19, wadda aka sace a jihar Virginia cikin Satumba na 2017, aka tsinci gawarta a Charlotte bayan kwana 11. A ƙarshen Disamba na 2018 aka sa hannu a dokar shelar Ashanti, don manyan da su ka ɓace cikin haɗari. Sai dai dokar ba ta tilasta wa jihohi ba, kowace jiha ita ke tsara tata.

MATATTU MARASA SUNA

Akwai wani gefe na maganar da ba a son ambata, amma tilas a faɗa. Kowace shekara a kan tsinci gawa wajen 4,400 a Amurka ba a san masu su ba, wajen 1,000 daga ciki kuwa su kan shekara ba a gane su ba. Shekaru da yawa kundin likitocin gawa dabam ya ke, na 'yan sanda dabam. Sai ka ga uwa tana cigiya a wannan jiha, ɗanta kuwa an binne shi ba suna a waccan. Don haka a 2007 Ma'aikatar Shari'a ta buɗe wani kundi a intanet mai suna NamUs, inda a ke gwada bayanin waɗanda su ka ɓace da na gawawwakin da ba a gane ba. Bambancinsa da NCIC shi ne, kowa yana iya dubawa, dangi ma suna iya shigar da nasu, a tabbatar wurin 'yan sanda, sa'an nan a fitar. A kan kuma ɗauki awon ƙwayoyin halitta na dangi, watau DNA, kyauta. Auduga ce kawai a ke gogawa cikin kunci.

Haɗa kundayen nan biyu ya ci shekaru. Billy Smolinski, ɗan shekara 31, ya ɓace a garin Waterbury na jihar Connecticut cikin Agusta na 2004, aka ce wa danginsa su jira kwana uku. Tun 2009 a ke kai ƙudiri da sunansa Majalisa yana faɗuwa, sai a Disamba na 2022 Shugaba Joe Biden ya sa hannu. Shekara 13 iyayensa na kai da komowa. Dokar ta umarta a riƙa musayar bayani tsakanin NCIC da NamUs. Shi kansa Billy ba a same shi ba, amma haƙurin iyayensa zai amfani 'ya'yan waɗansu.

DOKAR DA KE KANMU MU IYAYE

Kada a zaci dokokin nan 'yan sanda kaɗai su ka ɗaure. A 2013 jihar Karolina ta Arewa ta yi doka wadda a ke kira Dokar Caylee. Ta ce uba ko uwa ko mai riƙo, in yaron da bai kai shekara 16 ba ya ɓace masa, ya yi sa'a 24 bai san inda ya ke ba, ya kuwa ƙi gaya wa hukuma da gangan, ya yi babban laifi. Ba magana ce ta takarda kawai ba. A garin Cornelius wata yarinya 'yar shekara 11 ta ɓace cikin Nuwamba na 2022, ba a kai rahoto ba sai tsakiyar Disamba, a 2024 kuwa kotu ta kama uwar da mijin uwar da wannan laifi. Yarinyar har yanzu ba a gan ta ba. Mako ukun da aka yi shiru, wa ya san abin da su ka cinye?

Mun san halinmu. Yarinya ta fita ba ta dawo ba, sai a ce a rufa asiri, kada a ji a gari, kada ta rasa mijin aure. Sai a yi ta buga waya gida ana neman addu'a. Addu'a wajibi ce, amma a yi ta a hanyar zuwa wurin 'yan sanda. A nan rufin asiri irin wannan yana iya kai iyaye kurkuku, yana kuma iya jawo asarar rai.

INDA GYARA YA RAGE

Abu na farko, ba a yi wa kowa cigiya daidai. Baƙaƙen fata wajen kashi 13 cikin 100 ne na mutanen Amurka, amma sun haura kashi 30 cikin 100 na waɗanda a ke kai rahoton ɓatansu. Duk da haka ba su cika samun fili a jaridu da talabijin ba, sau da yawa kuma a kan yi saurin cewa yarinya gudu ta yi don kanta. Saboda wannan ne aka kafa ƙungiyar Black and Missing Foundation a 2008, jihar Kalifoniya kuma ta fara shelar Ebony ran 1 ga Janairu na 2024, don baƙaƙen fata 'yan shekara 12 zuwa 25.

Na biyu, wanda ya haura 21 har yanzu ya fi dogara ga dokar jiharsa da himmar ɗan sandan da ya karɓi maganar. Baligi yana da ikon ya tafi inda ya so, in ma an same shi lafiya ya ce kada a faɗi inda ya ke, ba za a faɗa ba. Wannan gaskiya ne, amma ba hujja ba ce ta ƙin karɓar rahoto. Na uku kuwa kuɗi ne, kamar yadda Dokar Kristen ta nuna. Awon DNA da ma'aikatan bincike duk da kuɗi a ke yinsu.

CAN GIDA FA?

Ciwon nan bai bar ƙasashenmu ba. A farkon Agusta na 2019 waɗansu mutane su ka ɗauke Abubakar Idris, wanda aka fi sani da Dadiyata, malami a Jami'ar Tarayya ta Dutsin-ma, daga ƙofar gidansa a Barnawa cikin Kaduna, har yau ba bayani. Cikin Oktoba na wannan shekarar 'yan sanda su ka gano yara tara da aka sace daga Kano aka kai Onitsha. A Gana kuwa ba a manta da 'yan matan Takoradi da aka sace a 2018 ba, waɗanda sai a 2019 awon DNA ya tabbatar sun rasu. Ƙungiyar Red Cross ta duniya ta rubuta sunayen mutane wajen 24,000 da danginsu ke cigiya a Nijeriya, galibi saboda rikicin arewa maso gabas, fiye da rabinsu kuwa yara ne sa'ad da su ka ɓace. Ga kuma samarinmu da hamada da teku su ka haɗiye a hanyar Turai.

Malamanmu ma ba su bar wannan babi ba. A mazhabar Malikiyya, matar da mijinta ya ɓace ta kan kai ƙara wurin alƙali, a bincika, a yanka mata shekara huɗu, sa'an nan ta yi takaba. Watau tun dā shari'a ta gane ɓatan mutum ba al'amarin gida ɗaya ba ne, na hukuma ne.

ABIN DA YA KAMATA KOWA YA RIƘE

Na ɗaya, babu dokar da ta ce sai an yi sa'a 24 ko 48 kafin a kai rahoto. Wannan maganar fim ce. Da hankalinka ya tashi, kira 911.

Na biyu, tafi da hoto na kwanan nan, da cikakken suna kamar yadda ya ke a takardu, da sunan da a ke kiransa a gida, da bayanin tufafin da ya sa, da lambar wayarsa da ta motarsa, da tabo ko tsagar fuska, da maganin da ya ke sha. In Ingilishi bai zauna ba, a nemi tafinta.

Na uku, karɓi lambar rahoto da sunan jami'in da ke riƙe da maganar, ka tambaya ko an shigar da sunan cikin NCIC. In kwanaki sun ja, a nemi shigar da shi NamUs, dangi na jini su ba da awon DNA.

Na huɗu, kada a share ɗakinsa, kada a wanke tufafinsa, kada a goge kome daga kwamfutarsa. A yi hanzarin roƙon maƙwabta da masu shaguna su adana hoton kyamarorinsu, gama da yawa su kan goge kansu bayan 'yan kwanaki.

Na biyar, ba sai dangi ke kai rahoto ba. Abokin ɗaki ko abokin aiki yana iyawa. Wanda ke jin tsoron hukuma saboda wani dalili nasa, ya nemi ɗan'uwa ya raka shi ko ya tafi a madadinsa, amma kada a yi shiru. Mai labarin da ba ya son a san shi kuwa, akwai hanyar Crime Stoppers, ba a tambayar suna.

Na shida, samarinmu da ke zaune su kaɗai, masu aikin dare a ma'aikatu da masu tuƙin manyan motoci, kowa ya sami mutum ɗaya da ya san inda ya ke kwana, da wurin aikinsa, da wanda za a kira a gida. Baƙon da ba mai cigiyarsa, shi ya kan zama gawa marar suna.

Daga ƙarshe, waɗanda su ka sami takardar zama 'yan ƙasa cikinmu su tuna suna da wakilai a Raleigh da Washington, wasiƙa kuwa ba ta da tsada. Dokokin da mu ka lissafa duk talakawa ne su ka jawo su, da naci da haƙuri. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Tun da ba mu tarar da mai unguwa a Glenwood ba, sai mu zama masu unguwar juna, mu san 'ya'yan juna, in kuma mun ga hoton cigiya a bango mu tsaya mu duba, ko na wane ne.

Allah ya bayyana Tyarra Williams da sauran waɗanda su ka ɓace, nan da gida, ya ba iyayensu haƙuri, ya tsare mana zuriyarmu. Amin.